Gefen Gabas na Mai Gaisuwa

Litinin, 19 ga Mayu, ƙarfe 6:40 na yamma

Na ƙuduri aniyar komawa kan wannan kundi bayan na yi watsi da shi tun watan Maris, domin duk mutumin da tarihi zai waiwaya wata rana, wajibi ne ya bar masa bayanai a tsare.

Wasiƙa ta iso yau daga Holan. Hukumar lambun Japan na can ta tabbatar a rubuce cewa ni, Kuramoto Tatsuhiko, mai digiri a fannin tsara lambuna, ni ne zan raka bishiyarmu Mai Gaisuwa idan an zo ɗaukar ta a Maris mai zuwa, in zauna shekara biyu ina kula da ita. Mahaifin Maigida Mizobuchi ne ya shimfiɗa musu lambun nan, baɗi zai cika shekara hamsin, kuma har yau, in ji wasiƙar, mutane suna bin layi cikin sanyi don su gan shi. Burinsu shi ne bishiyar matsu, mai ganye kamar allura, da marigayin ya dasa da hannunsa a gonarmu ta nan Japan ta tsaya a ƙofar lambun ranar biki, da gangar jikinta mai sunkuyawa kamar mai tarbar baƙi.

Na karanta wa Maigida fassarar a wajen shayin ƙarfe uku. Ya ce, "To." Kalma ɗaya tak, ga wasiƙa mai shafi biyu. Inna Fusae, wadda ta shekara arba'in tana tsinke alluran matsu a gonar nan, ta ce, "Farfesa, in ka je can ka riƙa rage musu Turancin, kada su ɗauka bishiyar ce ta rako ka."

Hassada tana da salo iri-iri.

Na lura da ɗan sauyin launi a ƙananan rassa biyu na gefen gabas. Al'amari ne na yanayi.

Laraba, 21 ga Mayu, ƙarfe 12:30 na rana

Rassa huɗu.

Alhamis, 22 ga Mayu, ƙarfe 7:00 na yamma

Maigida ya tsaya gaban Mai Gaisuwa kusan rabin awa, hannu a bayansa. Na ga ya dace in sauƙaƙa masa nazari, sai na yi masa bayanin tasirin hauhawar zafi ga tsirrai masu allura. Bai juyo ba. Ya ce, "Wa ya tambaye ka?"

Bari in rubuta matsayina na ilimi, don adalci ga kaina. Tsohon tsarin shirya bishiya kafin a cire ta shi ne a haƙa rami a kewaye ta, a datse ƙananan saiwoyi, a bar manya guda huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. Su ba a yanke su. Ɓawonsu kawai ake ɗayewa, faɗin tafin hannu, sai a mayar da ƙasa a jira shekara. Manyan su ci gaba da shayar da ita, sababbi ƙanana su tsiro kusa da gindi. Haka aka gada, haka ake yi, ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Kundin digirina, mai shafi ɗari da tara, ya tabbatar da cewa yanka tas, haɗe da garin magani mai sa saiwa, yana ba da sakamako cikin rabin wannan lokaci. Malamai uku suka sa masa hannu.

Ranar Alhamis, 13 ga Maris, Maigida ya yi yamma da arewa da safe. Bayansa ya riƙe, Inna Fusae ta kai shi asibiti. Ya bar mini gabas da kudu. Na yi aikin. Na mayar da ƙasa kafin su dawo.

Iyakar abin da ya cancanci rubutawa ke nan.

Asabar, 24 ga Mayu, ƙarfe 5:15 na yamma

Ayada, maƙwabcinmu kuma shugaban ƙungiyar masu gonakin matsu na garin nan, ya leƙo ta saman shinge muna cikin ba da ruwa. Bai ko gaishe mu ba.

"Mizobuchi, mene ne wancan?"

"Bishiya ce," in ji Maigida.

"Na san bishiya ce. Launin nake tambaya. Ka manta yadda nawa suka fara?"

Kowa a garin nan ya san labarin. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce jan ciwo ya shiga gonar Ayada. Ƙwaro ne yake kawo tsutsar, tsutsar ta toshe hanyar ruwa, bishiya ta yi ja ta mutu a tsaye. Sai da ya sare sittin ya ƙone. Tun daga nan ko ganyen shayi ya gani ya canja launi sai ya kira taro.

Na ce masa, bisa ƙa'idar bincike, bai halatta a yanke hukunci a kan alama guda ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce da Maigida, "Wannan ne na Holan ɗin? To ka gaya masa ƙwaro bai yi makaranta ba."

Babu wata hujja ta kimiyya da ke alaƙanta launin rassan da wani aiki da aka yi a baya. Na maimaita: babu.

Litinin, 26 ga Mayu, ƙarfe 1:00 na rana

An yi gwajin ƙaro. Maigida ya huda ɓawo a wuri huɗu da safe, muka dawo bayan awa uku. Yamma da arewa ƙaro ya zubo har yana ɗiga. Kudu ya ɗan jiƙe. Gabas a bushe, kamar an huda katako. Bishiya mai jan ciwo ba ta fitar da ƙaro, wannan ko ɗan firamare na garin nan ya sani.

Ayada ya ce, "Ka gani?"

Maigida ya ɗebi ɗan garin katako ya ƙulle a leda, aka aika ɗakin gwaji. Da yake sunkuyawa na ga ya dafe bayansa. Ya tsaya daidai kan wurin da na yi aiki a Maris. Takalminsa a kai. Zurfinsa bai wuce kamu uku ba.

Talata, 27 ga Mayu, ƙarfe 12:40 na rana

Ban ci abincin rana ba. Rashin sha'awa ne kawai, wanda likitoci suka san da shi a farkon zafi.

Alhamis, 29 ga Mayu, ƙarfe 6:20 na yamma

A gidan nan kowa shi yake wanke kayan aikinsa da yamma, ya shafa musu mai, ya rataye a ƙusarsa. Ina bakin famfo, Inna Fusae ta zo ta tsuguna kusa da ni da almakashinta. Ta ɗaga kai ta dubi zartona a bango.

"Farfesa, zarton nan naka tun Maris haƙoransa ba su dawo daidai ba."

Na ce ƙarfen zamani ba shi da inganci.

"Haka ne. Ni dai a iya sanina, zarto ba ya cin ƙasa sai an kai shi." Ta ci gaba da goge almakashi. "Ranar da muka dawo daga asibiti na ga an wanke shi har sau biyu. Na ce kai, yaron nan akwai tsafta."

Na ce ban fahimci manufar wannan zance ba.

"Ni ma ban fahimta ba. Tsufa ne. Ido ya tafi, baki ya ƙi tafiya." Ta miƙe ta rataye almakashin. Har ta kai ƙofa ta ce, "Maigida yana da shekara bakwai aka dasa Mai Gaisuwa. Shi ya riƙe gangar, uban yana zuba ƙasa. Ya taɓa gaya maka?"

Bai taɓa ba. A wata goma sha huɗu da na yi a nan, in aka tara duk maganganun da ya yi mini ba za su cika shafi ba. Na taɓa roƙon ya bayyana mini hikimar barin saiwoyi huɗu, amsar da na samu ita ce, "Duba hannuna." Ilimin da ba ya iya kare kansa da kalmomi, ta yaya mai hankali zai miƙa masa wuya? Wannan tambaya ce ta gaskiya. Har yanzu tambaya ce ta gaskiya.

Juma'a, 30 ga Mayu, ƙarfe 4:30 na yamma

Saƙo daga Madam Terpstra, shugabar lambun can. Sun riga sun haƙa ramin, sun kewaye shi da igiya. 'Yan makarantar unguwar sun zana Mai Gaisuwa daga hoton da muka aika, ta turo mana zane goma sha biyu. A ɗaya an yi wa bishiyar hula tana cirewa. Ta ce akwai wani tsoho da ya yi aikin ɗaukar duwatsu tare da mahaifin Maigida, yanzu a keken guragu yake, kullum sai ya sa an tura shi ya duba ramin.

Maigida ya ce in ba ta amsa. Na tambaye shi me zan ce. Ya ce, "Ka gode mata."

Na gode mata cikin sakin layi huɗu. Na ƙara da cewa shirye-shirye suna tafiya bisa tsari.

Reshe na bakwai.

Lahadi, 1 ga Yuni, ƙarfe 11:00 na safe

Na ɗauko kundin digirina domin in ƙarfafa zuciyata. Shafi na 87, ƙasa, da ƙananan baƙaƙe: "Ba a gwada wannan hanya a kan bishiyar da ta haura shekara biyar ba." Ni na rubuta. Na tuna ranar ma. Malamina ne ya tilasta ni, na yi ta jin haushi don yana rage wa binciken kwarjini.

Bambancin shekaru ba ya rushe ƙa'ida.

Shekarunta saba'in.

Talata, 3 ga Yuni, ƙarfe 7:30 na yamma

Sakamako ya fito. Ba a ga tsutsa a abin da aka aika ba, amma a farkon ciwo akan rasa ta, don haka a sake gwaji bayan mako uku. Ƙungiya ta zauna a zauren gari da ƙarfe biyar. Na raka Maigida don in riƙe masa jaka.

Ayada ya ce, "Mako uku? Damina na sauka ƙwaro zai tashi. Gona goma sha bakwai ke kwarin nan, Mizobuchi. In ka san wani dalili ban da ciwo, faɗe shi yanzu mu tashi lafiya."

Na ƙirga tabarmin da ke gabana. Takwas ne.

Maigida ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓawa, da wannan bayan nasa. Ya ce, "Ban san wani dalili ba. Tawa ce, ni na kasa kula da ita. Ranar Asabar za a sare, a ƙone. Ku yi haƙuri da damuwar da na jawo muku."

A hanyar dawowa, a mota, ya yi maganar da ta fi kowace tsawo tun zuwana. Ya ce akwai wata bishiya 'yar shekara talatin a bayan rumbu, ba ta kai ba amma ba za ta kunyata mu ba, ita za a aika. "Kai dai ka ci gaba da shirinka. Tafiyarka tana nan."

Tafiyata tana nan.

Laraba, 4 ga Yuni, ƙarfe 6:50 na yamma

Bari in tsara al'amarin bisa mantiƙi. Na farko, ba a kore yiwuwar ciwo ba, takardar gwaji ma ta faɗa. Na biyu, ko da a ce akwai wani dalili daban, ba tabbas bishiyar za ta rayu. Na uku, 'yan Holan ba za su bambance 'yar talatin da 'yar saba'in ba, in ban da tsohon nan mai keke. Na huɗu, bayan an sare, Ayada zai sa a cinna wa kututturen wuta a inda yake, kamar yadda ya yi wa nasa. Ba wanda zai haƙa.

Ba wanda zai haƙa.

Na karanta abin da na rubuta. Tsarin hujjojin ba shi da aibi.

Alhamis, 5 ga Yuni, ƙarfe 3:40 na yamma

Maigida ya aike ni in sayo gishiri da kwalbar giyar shinkafa, wato sake, na sallamar bishiya. Mai shagon ta ce, "Ta Mizobuchi ce ko? Ranar aurena a ƙarƙashinta aka ɗauke mu hoto." Ta ƙi bari in tafi sai da ta naɗe kwalbar da farar takarda.

Da na dawo na tarar da shi a kan tsani yana tsinke mata tsofaffin allurai, ɗaya bayan ɗaya, da yatsu. Na ce masa, ta fuskar amfani, wannan aiki ba shi da ma'ana tunda jibi ne. Ya ce, "Ba za ta tafi da ƙazanta ba."

Inna Fusae tana riƙe da tsanin. Ba ta ce mini Farfesa ba yau.

Juma'a, 6 ga Yuni, ƙarfe 5:00 na yamma

Na wasa zarto. Shi ya ce in wasa.

Asabar, 7 ga Yuni, ƙarfe 4:10 na yamma

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Ƙarfe bakwai Ayada ya zo da injin zarto da mutum biyar na ƙungiya. Maigida ya sa sabuwar riga. Ya zuba gishiri a kusurwa huɗu, ya bi da giyar sake, yamma, arewa, gabas, kudu. Muka sunkuya. Ya ce bishiyar gida ba a fara ta da inji, sara na farko da hannu ake yi. Ya gwada tsugunawa, bayansa ya ƙi. Sai ya miƙo mini zarton.

"Kai ne mai ƙarfi. Fara ta gabas."

Na tsuguna. Gishirin yana nan fari a kan ƙasa, daidai wurin. Na ɗora haƙoran a kan ɓawo. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba.

Ayada ya ce, "Yaro, ko sai an kawo maka littafi?"

Na ajiye zarton. Na je rumbu na ɗauko shebur. Wani ya ce me yake yi, Inna Fusae ta ce, "Ku bar shi, haƙa zai yi." Na haƙa. Kamu ɗaya, biyu. Na jefar da shebur na ci gaba da hannu. Sai ga babbar saiwar gabas, kaurinta kamar cinyata, a yanke tas, fuskar yankan ta yi baƙi, har da ragowar farin garin maganina a gefe. Na zagaya kudu na tono ta biyun. Ita a rabi na tsaya ranar nan ta Maris, don na ga sun kusa dawowa.

Na shirya jawabi tun da asuba, mai gabatarwa da kammalawa. Abin da ya fito shi ne, "Ni na yanke. Ba ciwo ba ne. Ƙishirwa ce."

Ayada ya shiga ramin da kansa, ya shafa yankan, ya sansana yatsunsa. Ya daɗe. Ya fito ya ce, "Shekara hamsin ina aikin nan, ban taɓa ganin wanda ya yanke wa bishiya ƙafa biyu ya tsaya yana mamakin me ya sa take ɗingishi ba." Ya juya ga mutanensa. "Ku mayar da injin mota. A sake gwajin bayan mako uku, don hankalina ya kwanta." Sannan ya ce da Maigida, a hankali, "Ka sunkuya mana a banza ranar Talata."

Maigida ya ce, "Ba a banza ba. A gonata aka yi."

Bai dube ni ba. Ya leƙa ramin, ya ce da Inna Fusae a kawo karan shinkafa da igiya da ragar inuwa, a rage allurai kashi ɗaya cikin uku a gabas, kada rana ta yi tsaka saiwar tana buɗe. Muka yi ta aiki har ƙarfe biyu. Da na zo mayar da ƙasa ya ce, "Tsaya." Ya sa aka taimaka masa ya durƙusa, ya ɗauki wuƙa, ya gyara bakin yankan inda ya ruɓe. Ya ce, "Duba hannuna."

Na duba.

Litinin, 9 ga Yuni, ƙarfe 12:45 na rana

Ban sani ba ko an kore ni. Na zo ƙarfe shida, ƙusata tana nan, babu zarto a kanta. An rataye bokiti a madadinsa. Na fahimci umarnin. Ruwa sau uku a rana, kaɗan-kaɗan, a feshe karan da aka naɗe gangar da shi.

Da rana Inna Fusae ta turo mini kwanon taliyar udon. Ta ce, "Ci, Farfesa. Mai ba da ruwa ba ya aiki da yunwa." Na tambaye ta da ban haƙa ba fa, da za ta faɗa? Ta ce, "Da ka ja zarton nan sau ɗaya da ka ji muryata har Holan. Amma da ni na faɗa, bishiya kaɗai za a ceto."

Na tambaye ta ko Maigida ya sani tun farko. Ta ce, "Tambaye shi mana." Ta san ba zan iya ba.

Reshe na takwas bai canja ba.

Alhamis, 12 ga Yuni, ƙarfe 6:00 na yamma

Damina ta sauka jiya. A hudar gabas akwai ɗigon ƙaro guda ɗaya, girman ƙwayar shinkafa. Na kira Maigida ya gani. Ya taɓa da yatsa, ya ce, "To."

Bayan shayi ya ce in kawo takarda, za a rubuta wa Madam Terpstra. Ya ce ba za a aika 'yar talatin ba, su ta mahaifinsa suka nema, ita za su samu in ta rayu. A ba tsohon nan mai keke haƙuri na musamman, a aika masa reshe ɗaya daga cikin waɗanda aka rage. Sannan ya ce, "Rubuta: bishiyar ba ta shirya ba, sai nan da shekara uku."

Na rubuta.

"Wanda zai rako ta ma haka."

Na tsaya da alƙalami. Na ce ko zan ɗan faɗaɗa jimlar, don ta dace da salon wasiƙun hukuma. Inna Fusae ta tuntsire da dariya har ta ƙware da shayi.

Na fassara ta yadda ya faɗa. Layi biyar ce duka. Ban ƙara ko kalma ba.

Saura ruwan yamma.